Zaɓen ampili: a duba baya kafin a biya

Da zarar an sayar da albasa a Madawa, ko ƴan ci-rani na Buza da Keita sun dawo daga Abijan, magidanta da dama kan nemi ampili da lasifika domin kallon fim a gida. A nan ne kuɗin gumi kan salwanta.

Babbar lambar da ke jikin kwali, wato PMPO, ta talla ce kurum. Ƙarfin gaskiya shi ne wat RMS, kuma 30 zuwa 50 ga kowace lasifika sun wadaci ɗaki. Sauran bayani yana rubuce a bayan na'urar. Ampilin da aka ƙera domin lasifika mai om 8, in aka haɗa shi da mai om 4, zafi zai ɗauka, yana iya ƙonewa. Wutar NIGELEC bolt 220 ce. Gwanjon Amurka mai bolt 120 ba ya jure mata sai da taransifoma. A ƙauyen da batir ne madogara, mai bolt 12 ya dace.

Mai saye ya sa a gwada masa a shago, da lasifikar da zai kai gida, kafin kuɗi su bar aljihunsa.