FILIN KIMIYYA: Guga a Bakin Rumbun Bayanai

A shekarar 1970 ne Edgar Codd, wani masani na kamfanin IBM, ya fito da dabarar jera bayanai cikin jadawalai masu dangantaka da juna. Sannu a hankali bankuna da ma'aikatu suka koma ajiye lissafinsu ta wannan hanya. To, amma ajiya daban, ɗebowa daban. Manhajar da ke ɗebo bayani daga rumbun kwamfuta zuwa wani wuri ita ake kira mahaɗi, watau kamar guga ne a bakin rijiya.

Mai kafa mahaɗi zai ba shi adireshin na'urar da rumbun yake, da lambar ƙofa, wadda bisa al'ada 5432 ce ga PostgreSQL, 3306 kuwa ga MySQL, da sunan shiga da kalmar sirri. A nan hattara take. Iznin karatu kaɗai ya kamata a ba shi, don kuwa in yana da ikon rubutu, kuskure ɗaya ya isa ya shafe jadawalin albashi ɗungum.

Sa'an nan akwai mahaɗin da ke bin sauye-sauye kawai. PostgreSQL kan riƙe masa littafin sauye-sauyen har sai ya karanta. In ya tsaya ba wanda ya lura, littafin zai yi ta kumbura har faifai ya cika, rumbu ya tsaya cik, ma'aikata su wayi gari ba aiki.

Saboda haka wanda ya ɗaura guga, wajibi ne ya riƙa duba igiya.