Don fakis ya yi aiki, sai a cire ƙofar rumbu?

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu na Damargu, kuma yau ita nake so mu yi wa tsirara. Duk ranar da kwamfuta ta karɓi sabuntawar tsaro, washegari fakis ko firinta suka ƙi aiki, maganin da ake kawo mana guda ne: a kashe sabuntawar, a kashe katangar tsaro, a ci gaba da aiki. Mai gyara ya karɓi kuɗinsa, shugaban ofis ya sa masa albarka, kowa ya watse yana murna. Ni kuwa na ce wannan ɓarna ce, kuma da kuɗinmu ake biyan ta.

Kwanakin baya na leƙa wata ƙanwata da ke aikin sakatariya a wani ofishi a Tanut, ba sai na kira sunansa ba. Suna da na'ura ɗaya mai buga takarda, mai kwafi, mai fakis, a haɗe da kwamfuta guda, sauran kwamfutocin huɗu ta wurinta suke aika aikinsu. Babbar kwamfutar ta daɗe ba ta ga intanet ba. Ranar da aka jona ta, sai ta kwashi sabuntawar da ta taru mata. Da safe sauran huɗun duk suka daina ganin na'urar, kowace sai ta fito da lambar 0x0000011b ta tsaya. Kwana uku mutane na zaune a inuwa suna jiran takardunsu, kafin a samo wani yaro daga Damagaram. Bai yi rabin awa ba komai ya tashi.

Ƙanwar tawa ta ce mini: "Yaya, yaron nan gwani ne wallahi." Na ce ta nuna mini abin da ya taɓa. Ya kashe sabuntawa gaba ɗaya, ya kashe katangar tsaro, sannan ya shiga cikin rajistar Windows ya mayar da wata lamba sifili, wadda ita ce ke tilasta wa kwamfutoci su tantance juna kafin su yi maganar buga takarda. Wato makullin rumbu ya cije, sai ya ɓalle ƙofar ya jingine ta gefe, ya ce ga hanya nan a ɗebi gero. Duk ɗan Damargu ya san abin da ake kiran mai irin wannan aikin.

Ciwon tsoho ne. A watan Agusta na 2003 wata ƙwayar kwamfuta mai suna Blaster ta bazu a duniya, ta wata kafa da Windows ke barin kwamfutoci su kira juna. A 2004 Sasser ta biyo baya. Shi ya sa a watan Agusta na 2004 kamfanin Microsoft ya fito da babbar sabuntawar Windows XP da ake kira SP2: ta kunna katangar tsaro tun daga farko, ta kuma tsaurara sashen DCOM, ta hana baƙon da bai faɗi ko shi wane ne ba ya ba kwamfuta umurni daga nesa. Nan take manhajojin fakis na ofisoshi, irin waɗanda kwamfuta ɗaya ke riƙe da layin tarho sauran na bi ta kanta, suka fara gardama. Dalili a fili yake: da yawansu ta irin wannan kafar suke bi, kafar da ɓarawo ya gano. Sabuntawar ta toshe ramin da fakis da ɓera ke shiga tare.

Haka aka maimaita a 2021, da aka gano ramin da aka laƙaba wa suna PrintNightmare a sashen buga takardu na Windows. Aka yi ta fito da faci, aka ce daga yanzu sai mai izinin shugabantar kwamfuta ne zai girka manhajar firinta, ofisoshi da dama suka wayi gari da kuskure irin wanda na gani a Tanut. Abin da ya kamata a yi sananne ne: a sabunta dukkan kwamfutocin su zo daidai da juna, a nemo sabuwar manhajar na'urar daga kamfanin da ya ƙera ta, a buɗe wa wannan manhaja kaɗai ƙofa a katangar, kuma ƙofar ta tsaya ga kwamfutocin cikin ofis. In na'urar tana da wurin jona wayar sadarwa, a haɗa ta kai tsaye, kowace kwamfuta ta same ta ba tare da ta bi ta kan wata ba. Aikin yini guda ne. Shi yaron rabin awa ya ga dama ya bayar.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini. Za a ce: Malam, wa zai damu da kwamfutar Tanut ko ta Belbeji? Me muke da shi da wani ɗan damfara a Turai zai nema? Amsa ita ce ƙwaya ba ta tambayar sunan gari. A ranar 12 ga Mayu 2017 WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Facin da zai tare ta ya fito tun watan Maris na wannan shekara. Waɗanda ta kama su ne waɗanda suka ce bari sai gobe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu nan ma ba sai mun je Ingila ba: wane sakatare ne bai taɓa soka kile a kwamfuta ya ga takardunsa duk sun ɓace, sun bar inuwarsu kawai ba? Shi kansa fakis ɗin da ake ɗauka tsoho ne marar cuta, a 2018 masu binciken kamfanin Check Point sun nuna cewa da lambar fakis kaɗai ana iya kutsawa cikin irin wannan na'ura mai haɗe da komai, daga nan a zarce cikin ofis.

Kuma me ke cikin kwamfutocin nan? Rajistar haihuwa, wadda in babu ita yaro ba zai zauna jarrabawa ba. Sunayen manoman da za a ba iri, lissafin bankunan cimaka, rahoton allurar rigakafi, takardun filaye. Wanda ya rasa ba shi ne mai gyara ba. Tsohuwar da ta biya kuɗin mota daga wani ƙauyen Tarka ce za a ce wa ta dawo wani mako.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Rezo ba shi da ƙarfi, kuɗin intanet daga aljihun ma'aikaci yake fita, wuta na ɗaukewa ana tsakiyar sabuntawa, mai gyara kuma yana Damagaram, kusan kilomita 150 daga Tanut. Sannan sabuntawa kan yi ɓarna da gaske: a watan Yuli na 2024 wani facin kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Duk gaskiya ne. Amma darasin da masu hankali suka ɗauka daga nan shi ne a gwada faci a kwamfuta ɗaya kafin a sa wa sauran, kuma a ajiye kwafin takardu a wani wuri dabam. Ba wanda ya ce a daina. Faci kuma ana iya sauke shi sau ɗaya inda rezo ke da kyau, a zuba a kile mai tsabta, a zagaya da shi ofis-ofis. In ana iya kawo tawadar firinta daga Damagaram a motar kasuwa, ana iya kawo wannan.

Shi ya sa ban ɗora wa yaron laifin duka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babban laifin na masu sa hannu ne. Wani shiri zai zo da kwamfutoci, a yi biki, a ɗauki hoto, amma babu ko dala ɗaya da aka ware don kula da su. Windows ɗin da ke ciki sau da yawa na sata ne, shi ya sa ake tsoron sabuntawa kar asiri ya tonu. Belbeji ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2011, an buɗe sababbin ofisoshi, to ina ma'aikacin da aikinsa kenan ya kula da na'urorinsu? Windows XP ta daina samun faci tun Afrilun 2014, Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoba 2025 aka yanka mata. Shugaban ofis nawa ne a Damargu ya san wace ce ke kan teburinsa?

Buƙatata ba ta da yawa. Duk ofishin da ya kira mai gyara, ya sa shi ya rubuta a takarda abin da ya taɓa, ya sa hannu. In a ciki akwai "na kashe sabuntawa" ko "na kashe katanga", kar a biya shi sai ya mayar. Majalisun gundumomi su sa kuɗin kula da kwamfuta a kasafinsu kamar yadda suke sa na man mota. Kwamfutar da ta tsufa har ba ta karɓar faci, a raba ta da intanet, ko a sa mata Linux, wanda kyauta ne. Samarinmu da suka karanto wannan fanni suna zaune a Tanut ba aiki, a ɗauki ko mutum biyu su riƙa zagayawa.

Kafin in bar ofishin na ce wa ƙanwata ta kira yaron. Ya ce zai dawo in an biya masa kuɗin mota. Shugabansu ya ce ai komai na aiki, me za a biya? Har yau da nake wannan rubutu ƙofar tana jingine.