RA'AYINMU: Bayan bakaloriya, kada a tsaya ƙofa guda

Da zaran sakamakon bakaloriya ya fito, guɗa kan cika unguwannin Yamai, tun daga Bukoki har Harobanda. Murna na lafawa sai tambaya ta taso: ina yaro zai nufa? A nan ne iyaye da dama ke yin tuntuɓe. Sukan ɗora dukan begensu bisa makaranta guda, galibi ta ƙetare. In ta kuɓuce, yaro ya share shekara cur yana shan shayi a fada.

Tarihi ya isa ya zame mana ishara. A watan Janairun 1994, da aka karya darajar sefa, kuɗin karatu a Faransa ya ninka cikin dare guda. A 2019 Faransa ta ɗaga kuɗin rajistar ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba zuwa yuro 2,770 a shekara ga masu neman lisansi, wato sama da sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. A 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ta dakatar da ba da biza a Yamai. Duk wanda ya dogara ga wannan ƙofa kaɗai ya ji a jikinsa.

Shawararmu ga iyaye ita ce su zauna da ɗansu ko ɗiyarsu, su jera zaɓi uku tun kafin jarrabawa. Na farko, makarantar buri, wadda gasar shigarta ke da zafi, kamar EMIG ko sashen likitanci. Na biyu, wadda ta dace da makin yaro da fannin da ya bi a lise, ko A, ko C, ko D. Na uku, wadda samun gurbi cikinta ya kusa tabbata, kuma aljihun gida zai iya ɗauka ko da bursi bai zo ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kada kuma a raina na gida. Lokacin da aka raɗa wa jami'ar Yamai sunan Abdu Mumuni a 1992, ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar nan. A 2010 aka kafa na Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ga kuma jami'ar Musulunci ta Sayi. Yajin aiki da jinkirin biyan bursi sun sha jikkata karatu, gaskiya ne, amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda ya zaɓi makaranta mai zaman kanta kuwa, ya tabbatar gwamnati ta amince da ita, ya bincika ko hukumar CAMES ta san da takardar shaidarta, kafin ya biya ko dala.

Saura nauyin da ke wuyan mahukunta. Wajibi ne ma'aikatar ilimi mai zurfi da hukumar ANAB su bayyana sharuɗɗan bursi da yawan gurabe da wuri, a gidajen rediyo, cikin harsunan ƙasa. Muddin labari ya tsaya a ofisoshi, ɗan mai hanya ne zai riƙa zaɓe, ɗan talaka ya tashi da abin da ya rage.