Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Marubutan Littattafan Addini da Hausa

Zuwa ga malamai da ɗalibai masu rubuta littattafan addinin Musulunci da harshen Hausa.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne wata matsala da ta yawaita a ƙananan littattafan da ake sayarwa a bakin masallatai da rumfunan kasuwa, wato cakuɗa fannonin rubutu, ta yadda mutum zai sayi littafin da bangonsa ya ce hukunce-hukuncen azumi zai koyar, amma da ya buɗe sai ya tarar rabinsa wa'azi ne, sauran kuma martani ne ga wani malamin da ba a ambaci sunansa ba. Rubutun addini fannoni ne daban-daban, kowanne da irin hujjar da yake karɓa da irin mai karatun da yake nufi, kuma wajibi ne marubuci ya san wanne ya shiga tun kafin ya ɗora alƙalami a takarda.

Tauhidi, wato fannin da ke bayanin abin da ya wajaba ga Allah da manzanninsa da abin da ya koru a kansu da abin da ya halatta, shi ne ya fi kowane fanni buƙatar tsantseni, domin kuskure a cikinsa yakan kai marubuci ga fitar da mutane daga addini. Littafin Ummul Barahin na Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya yaɗu a ƙasar Hausa, har aka sami wasu ɗalibai da suka riƙa kafirta talakawan da ba za su iya jero siffofin Allah da dalilansu na hankali ba, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubuce-rubuce da dama yana ƙaryata wannan ra'ayi. Laifin ba na littafin ba ne, na waɗanda suka ɗauki littafin koyar da dalilai suka mayar da shi ma'aunin imanin jama'a ne.

Fiƙihu shi ne fannin hukunce-hukuncen ayyuka, kuma a nan ne ya kamata marubucin Hausa ya fi tsayawa, saboda magabata sun gina shi hawa-hawa da gangan. Ɗalibin zaure yakan fara da Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya, sannan Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, kafin ya kai ga Askari da Muhtasar na Halil. Waɗannan duka matani ne, wato gajeren rubutu da ke kawo hukunci ba tare da tsayawa kan dalili ba, domin a haddace shi a gaban malami. A kan matani ake yin sharhi, wanda ke warware jimlolinsa, a kan sharhi kuma ake yin hashiya, wadda ke bin ƙananan matsaloli da saɓanin malamai, kamar yadda Dardir ya yi wa Muhtasar sharhi, Dasuƙi kuma ya yi wa sharhin hashiya. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon kwafin Risala na hannu ya ga wannan tsari da idonsa: layukan matani da manyan baƙaƙe, an bar fili a tsakaninsu, ɗalibi ya cusa ma'anonin kalmomi da ƙaramin rubutu, wani lokaci da ajami, gefen shafin kuma cike da ƙarin bayanin da ya ji daga bakin malami. Marubucin yau da ke nufin koyar da mafari alwala ba ya taimakonsa idan ya zuba masa ra'ayoyin mazhabobi huɗu a shafi na biyu, haka nan wanda ke rubuta wa manyan ɗalibai ba shi da uzurin ɓoye musu cewa a mas'alar akwai mashhuri, wato maganar da ta fi yawan masu faɗa a mazhaba, akwai kuma rajihi, wato wadda dalilinta ya fi ƙarfi, kuma ba kullum suke haɗuwa ba.

Fatawa 'yar fiƙihu ce, amma amsa ce ga tambayar wani mutum a wani hali. Amsoshin da Almagili ya bai wa Askiya Muhammadu na Songhai sun zo ne tare da tambayoyinsu, haka ma dubban fatawoyin Magrib da Andalus da Wansharisi ya tattara a Almi'iyar. Wanda ya ciro amsa ya yar da tambayar, ya buga ta a matsayin hukuncin kowa da kowa, ya raba ta da abin da ya sa ta zama daidai.

Batun tafsiri da tarjama gajere ne: tarjamar ma'anoni, irin wadda Sheikh Abubakar Gumi da Sheikh Nasiru Kabara suka yi da Hausa, aikinta isar da ma'anar aya, tafsiri kuma, irin Diya'ut Ta'awili na Abdullahi ɗan Fodiyo, shi ke da filin kawo dalilin sauka da nahawu da maganganun magabata. Ra'ayin mai fassara bai kamata ya shiga jikin fassara ba tare da alamar da za ta raba su ba.

Wa'azi da madahu, wato begen Annabi (SAW), zuciya suke nema, shi ya sa waƙa ta fi karɓar su. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajojinta, wato matan da ta horar don koyarwa, suka kai su ga matan karkara ta hanyar ƙungiyar 'yan taru, Imfiraji ta Aliyu Namangi kuma ta shiga bakin mabarata da masu daka. Irin wannan rubutu yana da 'yancin tsoratarwa da kwaɗaitarwa da ƙawata lafazi, amma ba shi da 'yancin jingina wa Annabi maganar da ba ta tabbata ba, kuma abin takaici ne yadda littattafan falalar ayyuka suka fi kowane fanni cika da hadisan da ba a faɗi mai ruwaito su ba. Baiti mai daɗi ba ya zama hujjar halas ko haram.

Raddi, wato rubutun mayar da martani, fanni ne halattacce mai tarihi, sai dai shi ne ya fi kutsawa cikin sauran fannoni a ɓoye. Sharaɗinsa na farko shi ne a kawo maganar abokin saɓani yadda ya faɗe ta. Muhammadu Bello ya yi haka a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, inda ya kwafo wasiƙun Shehu Alkanemi na Barno masu sukar jihadin Shehu Usmanu kafin ya amsa su, har ya zama ta hannunsa ne masu tarihi suka san da yawa daga hujjojin Alkanemi. Mai raddi ya kira littafinsa raddi, ya ambaci littafin da yake amsawa da shafinsa, domin mai karatu ya iya komawa ya duba.

Akwai kuma sabon nau'in da magabata ba su sani ba, wato karatun da aka ɗauka a kaset ko a waya, almajirai su rubuce shi su buga da sunan malam. A majalisin tafsirin watan azumi malami yakan fassara aya, ya ba da hukunci, ya amsa tambayar da aka miƙo a 'yar takarda, ya yi barkwanci, ya taɓa abokan saɓani, kuma masu sauraro suna rarrabe waɗannan duka ta sautin muryarsa da dariyar jama'a. Takarda ba ta ɗauke da sauti. Don haka ana roƙon masu wannan aiki su ware fassara daga sharhi, su maido wa kowace amsa tambayarta, su nemo wa kowane hadisi madogararsa, sannan su kai wa malamin rubutun ya duba ya sa hannu kafin a miƙa shi ga maɗaba'a.