Tsohon Soja da Takarar Indifenda a Majalisar Dokokin Bauchi

Tsohon sojan da ya ajiye kaki ya dawo gida Bauchi, ya ce zai nemi kujerar Majalisar Dokokin Jiha ba tare da ya shiga wata jam'iyya ba, doka ba ta bar masa hanya ba. Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya wa mai neman wannan kujera sharuɗɗa huɗu. Ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25, ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare, sannan ya zama ɗan jam'iyya, kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Ukun farko da wuya su gagari tsohon soja. Na huɗun ne katanga. Sashe na 221 kuma ya ƙara ɗaure maganar, domin ya hana kowace ƙungiya nema wa ɗan takara ƙuri'a in ba jam'iyya ba. Saboda haka kujeru 31 na majalisar Bauchi, har da biyun da ke cikin ƙaramar hukumar Bauchi, wato Bauchi ta Tsakiya da Zungur/Galambi, duk ta ƙofa ɗaya ake shigarsu, ƙofar tikiti.

Wannan sharaɗi ya fi yi wa tsohon soja nauyi fiye da kowa. Muddin mutum yana sanye da kaki, aikinsa ya hana shi yankar katin jam'iyya, ya hana shi zuwa taron gunduma, ya hana shi ɗaga tutar kowa. Hanin daidai ne, ƙasar da sojanta ya rabu jam'iyya-jam'iyya ta shiga uku. Amma wanda ya cika shekara 35 yana aiki, yau Maiduguri, gobe Jos, jibi Darfur ko Laberiya, ranar da ya dawo unguwarsu zai tarar an daɗe da raba muƙaman jam'iyya. Shugaban gunduma yaron wani ne, daliget yaran wani ne, kuma wancan wanin shi ne mai tikiti. Doka ta nesanta shi da jam'iyya tsawon ƙuruciyarsa, sai kuma dokar ta dawo ta ce ba zai wakilci mutanensa ba sai da amincewar jam'iyya.

Bauchi gari ne na soja. Ga Barikin Shadawanka inda Birged ta 33 ta manyan bindigogi take, ga makarantar tankokin yaƙi ta sojan ƙasa, ga rundunar ayyuka na musamman ta sojan sama. Da yawa daga waɗanda suka yi aiki a waɗannan wurare nan suka yi aure, nan suka gina gida, nan suka zauna bayan ritaya. Ana ganinsu a kwamitin masallaci da na coci, ana kiransu in rikicin fili ya tashi, su ake sawa gaba in unguwa za ta kafa 'yan sintiri. Jama'a sun san su, sun gwada su. Abin da ba su da shi kawai shi ne ubangida.

Za a ce ai tsofaffin sojoji sun cika siyasar Najeriya, kuma gaskiya ne. Olusegun Obasanjo ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1999, Muhammadu Buhari a 2015, David Mark ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2015. A nan Bauchi ma tsohon hafsan hafsoshin sojan sama, Air Marshal Sadique Abubakar, ya yi takarar gwamna a 2023 ya zo na biyu. Amma duk waɗannan manyan hafsoshi ne, kuma dukansu da tikitin jam'iyya suka shiga. Janar in ya yi ritaya jam'iyyu ne ke zuwa gidansa. Samanja da saje da kyaftin, su ne masu zuwa gidan mai tikiti su zauna a tabarma tun safe suna jiran ya fito.

Tikitin kuwa kuɗi ne. A shirin zaɓen 2023 ɗaya daga manyan jam'iyyu ta sayar da fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2. A wancan zaɓen, dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade abin da mai neman wannan kujera zai kashe a naira miliyan 30. Fom ɗin ma somin-taɓi ne. Bayansa akwai sallamar daliget, akwai gaisuwar dattawan jam'iyya, akwai motocin kamfe. Bayan mutum ya yi duk wannan, sai a wayi gari a ce an yi maslaha, mai tikiti ya ɗauko yaronsa ya ɗora. Ɗauki-ɗora ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa layin zaɓen fidda gwani. Wanda ya zuba garatutinsa gaba ɗaya a irin wannan neman, ya koma gida babu tikiti babu garatuti.

Maganar garatuti kuma ba a wuce ta da sauri. Kowace 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a saki tattabaru, a sayar da bajo. Washegari tsoho mai igiya uku ya koma lissafin yadda fanshonsa zai kai ƙarshen wata. An sha ganin tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatu a Abuja suna neman haƙƙinsu. Akwai matan da mazajensu suka faɗi a fagen daga a Arewa maso Gabas, aka bar su da marayu da takardun da ba su san ofishin da za su kai ba. Akwai waɗanda suka dawo da ƙafa ɗaya, akwai waɗanda suka dawo jiki lafiya amma barci ya ƙaurace musu. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion tana iya ƙoƙarinta, sai dai ƙungiya ba ta da ƙuri'a a zauren majalisa. Fanshon soja dai hurumin tarayya ne, majalisar jiha ba ta da iko a kansa. Amma filin gini, da kuɗin karatun marayu, da gadon asibitin jiha, da tallafin noma, duk a kasafin kuɗin jiha suke, kuma majalisar jiha ce ke amincewa da kasafin. Wanda ya san ciwon daga ciki ya kamata a ce yana cikin masu duba wannan kasafi.

Haka batun tsaro. Majalisar jiha ba ta ba soja umarni, amma ita ke yin dokar 'yan sintiri da mafarauta, ita ke ware kuɗin da jiha ke tallafa wa jami'an tsaro, kuma sashe na 128 ya ba ta ikon binciken yadda aka kashe abin da ta ware. Mutanen Alkaleri da Ningi da Toro sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun masu garkuwa da mutane da ke fitowa daga daji. Mutanen cikin gari sun san 'yan sara-suka, sun kuma san lokacin da suka fi yawa a titi, wato lokacin da masu tikiti ke buƙatarsu. Ɗan majalisar da ubangida ya ɗora ba zai tashi a zaure ya tambayi wanda ke ba waɗannan yara kuɗi da ƙwaya ba. Wanda babu mai binsa bashin kujera shi ne zai iya.

Takarar indifenda ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A Jamhuriya ta Farko, zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ana tsayawa ba jam'iyya, kuma wasu sun ci. Kundin 1979 ne ya rufe ƙofar, na 1999 ya gaji rufin. An kuma yi zaɓen ƙananan hukumomi ba jam'iyya a 1976 da 1987 da 1996. Kwamitin gyaran zaɓe na Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a buɗe ƙofar a rahotonsa na 2008. Taron ƙasa na 2014 ya maimaita. Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2017, ta sake kaɗawa a Maris na 2022, amma gyaran bai zama doka ba. Sashe na 9 ya ce ba a taɓa kundin sai kashi biyu cikin uku na kowane zaure a Abuja sun yarda, majalisun jihohi 24 cikin 36 sun mara baya, kafin a kai ga sa hannun shugaban ƙasa. A kowane mataki na wannan doguwar hanya, waɗanda ake roƙo su buɗe ƙofar da tikiti suka shigo, kuma tikitin gaba yana hannun waɗanda ba sa son a buɗe.

Maƙwabta sun riga mu. A Gana, zaɓen 2020 ya bar manyan jam'iyyu biyu kunnen doki, kowace da kujera 137, ɗan indifenda ɗaya daga mazaɓar Fomena ya zama raba gardama. A Jamhuriyar Benin, Boni Yayi a 2006 da Patrice Talon a 2016 duk ba da tikitin jam'iyya suka ci shugabancin ƙasa ba. A 2013 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta yanke hukunci a ƙarar da Christopher Mtikila ya kai Tanzaniya, cewa hana mutum takara don ba shi da jam'iyya tauye haƙƙi ne.

Masu adawa da buɗe ƙofar suna cewa takardar ƙuri'a za ta yi tsawo. Hujja ce mai nauyi, tunda a 2019 mutum 73 suka nemi shugabancin ƙasa, har hukumar zaɓe ta soke rajistar jam'iyyu 74 a 2020. Sai dai wancan cunkoso jam'iyyu ne suka kawo shi. Maganinsa kuma sananne ne: a sa wa ɗan indifenda sharaɗin kawo sa hannun wani adadi na masu rajista daga kowace gunduma ta mazaɓarsa, hukumar zaɓe ta tantance. Wanda unguwarsa ba ta san shi ba nan zai tsaya.

Wasu kuma tsoronsu kakin ne, suna tuna shekarun mulkin soja. Tsoron yana da tushe, kuma kaki ba shaidar gaskiya ba ne. A cikin tsofaffin sojoji akwai nagari akwai akasinsu, kamar kowane aiki, kuma zauren majalisa wurin muhawara ne da lallashi, ba a ba da oda. Amma wanda ya ajiye bindiga ya zo yana bi gida-gida yana roƙon ƙuri'a ya riga ya miƙa wuya ga hukuncin farar hula. In bai cancanta ba, mutanen Zungur da Galambi da Nasarawa Jahun sun isa su kayar da shi ranar zaɓe. Yanzu mai tikiti ne ke kayar da shi tun sunansa bai hau takarda ba.

Ana kira ga 'yan majalisar Bauchi da wakilan jihar a Abuja, duk ranar da gyaran sashe na 106 da 'yan uwansa na 65 da 131 da 177 ya sake zuwa gabansu, su kaɗa masa ƙuri'a a fili, kowa da sunansa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji na jihar su rubuta takarda su kai zaman jin ra'ayin jama'a, su haɗa kai da ƙungiyoyin mata da matasa da malaman makaranta masu ritaya, domin ƙofar da ta hana samanja ita ta hana su. Kafin gyaran ya tabbata, tsohon sojan da ke da niyya ya yi rajistar zaɓe a gundumarsa, ya shiga jam'iyyar da ya natsu da ita tun da sauran lokaci, kuma kada ya zuba garatutinsa a hannun dillalan tikiti.