A Amurka, Sai Tsoho Ya Tsiyace Kafin A Tallafe Shi

Akwai waɗansu gidaje a ƙasar Amurka da ake kira gidajen tallafin tsofaffi. Wanda ƙarfinsa ya soma ƙarewa, amma ciwo bai kwantar da shi ba, yakan kama ɗaki a ciki, ma'aikata su riƙa yi masa wanka, su ba shi abinci, su tuna masa lokacin shan magani. Kuɗin wata guda yakan haura dala 5,000. To, ina talaka zai samo su?

A cikin 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa asusun lafiya biyu. Medicare na waɗanda suka kai shekara 65 ne, amma babu ruwansa da irin wannan zama. Medicaid kuwa na matalauta ne, gwamnatin tarayya da jihohi suke haɗa kuɗinsa. Doka ta wajabta wa kowace jiha biya wa tsoho matalauci kuɗin gidan jiyya, inda ake kwantar da marasa lafiya. Gidajen tallafi kuwa sai a 1981 aka buɗe wa jihohi ƙofarsu, ita ma ganin dama ce. Ko jiha ta yarda, ladan hidima kaɗai asusun yake biya. Kuɗin ɗaki da na abinci suna wuyan tsohon.

Kafin ma a dube shi, a yawancin jihohi sai ajiyarsa ta sauko zuwa dala 2,000. Sa'an nan ya bi layi, domin jiha tana da ikon ƙayyade yawan waɗanda za ta ɗauka. Masu gidajen kuma, kada a manta, 'yan kasuwa ne. Abin da Medicaid yake bayarwa bai kai farashinsu ba, saboda haka da yawansu ba su karɓarsa. Tsohuwar da ta shekara uku tana biya daga aljihunta, ran da kuɗin suka ƙare ana iya miƙa mata takardar tashi. Daga nan sai gidan jiyya, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma asusun ne dai zai biya. An gudu ba a tsira ba ke nan. Bayan ta rasu, dokar 1993 ta umarci jiha ta nemi kuɗinta daga abin da ta bari.

A watan Yuli na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da za ta rage wa Medicaid kimanin dala biliyan 900 cikin shekara 10. Gidajen jiyya suna da doka a bayansu. Idan aljihun jiha ya yi ƙasa, kuɗin gidajen tallafi ne wuƙa za ta fi saurin hawa.