Yaranmu Suna Jin Abin Da Muke Kallo A Waya

Yau maganata da iyaye ce, musamman mu na Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa.

A Nuwamban 2025 an sace ɗalibai mata 25 a Maga ta jihar Kebbi, kwanaki kaɗan bayan nan aka kwashe ɗaruruwa a Papiri ta jihar Neja. Gwamnatin tarayya ta rufe wasu makarantunta na kwana, har da ta 'yan mata da ke Kazaure. Kafin nan, a Oktoban 2024, tankar mai ta fashe a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, mutum sama da 150 suka rasu, bidiyon ya zagaye WhatsApp. Mu manya mun yi jimami, mun yi addu'a, mun koma harkokinmu. To yaron da ke gefe yana leƙen wayar fa?

Ɗan shekara huɗu ko biyar bai san nisan Kebbi da Babura ba. In ya ji an shiga makaranta, tasu yake hangowa. In an kunna bidiyo ɗaya sau biyar, yana iya ɗauka sau biyar abin ya faru. Kuma da wuya ya ce "tsoro nake ji". Sai dai ka ga ya koma fitsarin kwance, yana firgita cikin barci, ya maƙale wa uwarsa, ko kullum da safe cikinsa na ciwo in an ce Islamiyya. Sai a ce sangarta ce, a ɗauko bulala. Wallahi wannan ƙara masa ake yi.

Ga abin da nake gani ya kamata. Da farko a daina kunna irin waɗannan bidiyo da saƙon murya a tsakar gida. Wanda ya matsu ya ji, ya sa abin kunne. Sannan a tambayi yaro: "Me ka ji? Wa ya faɗa maka?" Sau da yawa abin da ya tsinto wajen wasa ya fi gaskiyar muni.

Na san wasu za su ce a ɓoye masa kawai, yaro ne. Ban yarda ba. In ka ce ƙarya ne, gobe ya ji a bakin abokai, ya daina yarda da kai. Faɗa masa a taƙaice: e, ya faru, a gari mai nisa, kuma ga mu tare da kai. Ka kuma ba shi ƙarshen labarin, don mun iya yaɗa sata amma ba mu iya yaɗa dawowa ba. Ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disamban 2020 sun dawo cikin mako guda. 'Yan matan Maga ma sun koma gida. Yaro na buƙatar jin wannan.

Don Allah iyaye mata da yayye, a bar razana yaro da "in ba ka yi shiru ba 'yan bindiga za su ɗauke ka". Dodo na tatsuniya ne, waɗannan kuwa ya san akwai su.

A bar masa rayuwarsa yadda ya saba: lokacin abinci, wasa, tatsuniyar dare. A karanta masa Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi kafin barci, a shafa masa, kamar yadda Annabi (SAW) yake yi in zai kwanta. In an haura wata guda bai sake ba, a kai shi asibiti ya ga likita, ba abin kunya ba ne.

Malaman tsangaya, almajiri ƙarami ba shi da uwar da zai ruga wa cikin dare. Ku ne uwa, ku ne uba.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.